Daga Mai Baki Ɗaya Zuwa Adaka: Komawa Albarushi Mafita Ce Ga Mafarautan Kudancin Kano?

A ƙasar Tudun Wadan Dankadai da Doguwa, har zuwa Kiru da Bebeji, bindiga ba baƙuwa ba ce a gidan manomi. Gonakin masara da rake da shinkafa suna maƙwabtaka da daji, birai da gadu ba sa jin tsawa, ɓarawon shanu kuma ba ya tsoron sanda. Bindigogin da aka fi sani a hannun talaka iri biyu ne. Akwai adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka, ƙirar maƙeran gida, da ake ɗura mata albarushi ta baki. Akwai kuma mai baki ɗaya ƙirar masana'anta, wadda ake karyawa a tsakiya a saka mata harsashi guda. Ta biyun ta fi daraja a idon maharbi, sai dai abincinta ya yi wuya. Harsashi ya yi tsada, dillalin da doka ta yarda ya sayar ba ya kusa, sabunta lasisi kuma ya zama tafiyar da mutumin ƙauye ba ya iya kaiwa ƙarshenta.

Daga nan ne wani tunani kan zo wa mai irin wannan bindiga: tunda albarushi ya fi sauƙin samu, me zai hana a kai ta wurin maƙeri ya toshe gindinta, ya mayar da ita ta ɗuri? A ganinsa ya huta da neman harsashi, ya kuma rage wa kansa fitinar hukuma, domin kowa ya san ba a tsananta wa adaka kamar yadda ake tsananta wa bindigar bature. Tunanin yana da dalilinsa, kuma bai kamata a yi wa mai shi dariya ba. Abin da ya kamata shi ne a auna shi ta fuskar aikin ƙarfen kansa, ta fuskar tarihi, ta fuskar doka, da kuma halin tsaron da yankin yake ciki.

Inda bindigogin biyu suka rabu

A bindigar harsashi, komai yana cikin kwanso ɗaya da masana'anta ta auna ta rufe: garin da ke kamawa, da dalma, da ɗan abin da ke tayar da wuta idan an ja kunama. Kwanson nan ba ajiya kaɗai yake yi ba. Lokacin da wuta ta tashi yakan kumbura ya like gindin bututu, ya hana hayaƙi da zafi dawowa baya. Idan maharbi ya gama, sai ya karya bindigarsa, kowa ya ga ramin a buɗe, ya san babu komai a ciki.

Adaka kuwa maharbi ne masana'antarta. Shi zai auna albarushi da idonsa, ya zuba ta baki, ya danna da sandar ɗuri, ya bi da dalma, ya sake dannawa. Kowane ɗuri daban yake da ɗan'uwansa, gwargwadon hannun mai yi da natsuwarsa. Gindin bututunta a toshe yake tun daga ƙira, kuma wannan toshiya ita kaɗai ce tsakanin wutar da fuskar mai harbi. Daga lokacin da aka ɗura ta, a ɗure take har sai an harba, ko tana kafaɗa, ko tana ɗaure a babur, ko tana jingine a bayan ƙofar ɗaki inda yara ke wasa.

Garin da suke ci ma ba ɗaya ba ne. Albarushi tsohon haɗi ne da ya samo asali daga ƙasar Sin, yana da hayaƙi mai kauri, yana barin datti mai jan laima. Garin harsashin zamani kuwa wani Bafaranshe ne mai suna Paul Vieille ya samar da shi a 1884. Ba ya hayaƙi sosai, kuma kaɗan daga cikinsa yana da ƙarfin da ya ninka na albarushi. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin haɗurran da za mu zo kansu.

Tarihi ya nufi gaba, mu muna shirin komawa baya

Bindigar ɗuri tana da dogon tarihi a wannan ƙasa. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya kawo 'yan bindiga Turkawa suka horar da dakarunsa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya yi suna da tara bindigogi da ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birninsa. A daidai wannan zamani garuruwan kudancin Kano suna fama da hare-haren Ningawa, abin da ya sa ganuwa da maharba suka zama wajibi a wannan yanki.

Amma yayin da muke riƙe da bindigar ɗuri, masu ƙera ta sun riga sun bar ta. A 1866 Ingila ta fara mayar da bindigogin sojanta na ɗuri zuwa masu cin harsashi ta gindi, a tsarin da aka sani da Snider. Faransa da Amurka ma sun yi irin wannan juyi a cikin shekarun nan. Dalilinsu a fili yake: saurin ɗuri, tabbacin tashi ko da ana ruwa, da raguwar haɗari ga mai harbi. Sannan a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogin ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a nan ƙofar gida. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Saboda haka zaman adaka a hannunmu har yau ba shaida ba ce ta cewa ta fi. Ita aka bar mana, maƙeranmu suka koyi ƙera ta, suka riƙe sana'ar da basirarsu. Tana da gurbinta na mutunci a al'ada: 'yan bindigar sarki da ke amsa Hawan Sallah da Hawan Daushe da ita suke aiki, kuma hayaƙinta da ruguginta suna cikin abin da ke ƙawata ranar. Amma ɗaukar bindigar da ta riga ta wuce wannan mataki a mayar da ita baya, rage mata aminci ne da gangan.

A Amurka ana samun masu farauta da bindigar ɗuri don sha'awa, kuma jihohi da dama sun ware musu lokacin farauta na musamman. Kamfanin Harrington & Richardson ma ya taɓa fitar da irin wannan bindiga a shekarun 1970, wadda ya gina a kan ƙirar bindigarsa mai baki ɗaya. Sai dai wannan aikin injiniyoyi ne a masana'anta, da gwaji da awo, ga mutanen da ke sayen albarushi a gwangwani mai lamba. Halinmu daban yake.

Haɗarin da ke ɓoye a gindin bututu

Gaskiya ne cewa ƙarfen bututun bindigar masana'anta ya fi bututun ruwan da wasu ke ƙera adaka da shi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne abin da ke ruɗar mutane. Matsalar tana gindi. An ƙera mai baki ɗaya ne a kan cewa kwanson harsashi zai like bayanta. Idan aka cire kwanso daga lissafi, dole a sa wani abu a gurbinsa, kuma wannan abin zai sha duka a kowane harbi, yana fuskantar idon maharbi kai tsaye. Maƙeri, komai ƙwarewarsa, ba shi da na'urar da zai auna ƙarfin da toshiyar za ta iya ɗauka. Idan ya yi walda, zafin wuta na iya canza taurin ƙarfen da ke kewaye ba tare da ido ya gani ba. Bindigar za ta iya tashi lafiya sau da yawa, mai ita ya saki jiki, sannan wata rana ta buɗe ta baya.

Turawa sun daɗe da gane wannan. Tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a birnin Birmingham, inda ake ɗura wa kowane bututu fiye da kima a harba shi a killataccen wuri kafin a buga masa hatimi. A tsarinsu, bindigar da aka taɓa ƙarfenta ta yadda zai raunana ta fita daga wannan shaida, sai an sake gwada ta. Mu a nan, wurin gwajin shi ne kafaɗar mai bindiga.

Haɗari na biyu shi ne gari. Wanda ya ga bindigarsa ƙirar waje ce yakan ɗauka za ta ci komai. Ranar da albarushi ya yanke, sai ya farke tsohon harsashi ya zuba garinsa da ma'aunin da ya saba. Ma'aunin da ya dace da albarushi, idan aka cika shi da garin zamani, ya isa ya tarwatsa bututu. Haka nan garin da aka saya a ƙulle a leda, wanda ba a san wanda ya haɗa shi ba, ba a san ƙarfinsa ba sai an harba.

Na uku shi ne ɗurin kansa. Mai ɗura bindiga ta baki dole hannunsa ya tsaya a gaban bakin. Idan ɗan garwashi ya saura daga harbin baya, sabon albarushi na iya kamawa yana cikin zubawa. Idan ya manta cewa ya ɗura, ya ƙara wani a kai, ya haɗa wa kansa abin fashewa. Idan laima ta taɓa garin, bindiga takan yi jinkirin tashi, mai ita ya sauke ta ya leƙa, sannan ta amsa. A lokacin farautar gayya, inda mutane da karnuka suke a cakuɗe kuma kowa yana gaggawa, waɗannan kurakurai sun fi saurin faruwa. Dattin albarushi kuma, idan ba a wanke shi a ranar ba, yana cin ƙarfe daga ciki, musamman da damina a yanki mai ruwa kamar Doguwa.

Akwai kuma cutar da ba ta da ƙara. Mai bindigar ɗuri yakan narka dalmarsa da kansa, sau da yawa a tsakar gida. Hayaƙin dalma da ƙurarta guba ne, yara ƙanana kuma su suka fi cutuwa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ya sa kowa ya kiyayi narka ta kusa da iyali.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi a Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko makaman yaƙi ne, irin su bindiga mai sarrafa kanta da ƙaramar bindiga ta hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya haɗa da bindigar farauta mai harsashi, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne bindigogin ɗuri, waɗanda aka bar al'amarinsu ga Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Wannan sassauci na kashi na uku shi ne ke jan hankalin mai son juya bindigarsa.

Amma dokar ba ta tsaya a mallaka ba. Ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai a wurin da gwamnati ta amince ko da takardar izini, kuma ta sa hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Riƙe bindigar harsashi ba lasisi kuma yana iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Ta ma hana rage tsawon bututun bindigar farauta ƙasa da inci 20. To, a duba halin wanda ya juya bindigarsa. Ɗan sandan da ya tare shi a hanyar Kano zuwa Jos abin da zai gani shi ne bindigar masana'anta mai lamba a jikinta. Idan tana da lasisi, ta daina dacewa da abin da aka rubuta a takardar. Idan ba ta da shi, toshe gindinta bai goge asalinta ba. Ga kuma maƙerin da aka jawo cikin laifi a kan ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. An gudu ke nan ba a tsira ba. Ko a Amurka, inda dokar tarayya ta sassauta wa bindigar ɗuri ƙwarai, ta fito fili ta ce bindigar zamani da aka juya zuwa ta ɗuri ba ta cikin wannan sassauci.

Inda hukuma take da nata alhakin shi ne toshe hanyar halak. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Kafin nan, gwamnonin Katsina da Zamfara, Aminu Bello Masari a 2021 da Bello Matawalle a 2022, sun fito sun ce wa jama'arsu su nemi abin kare kai. Talaka yana jin murya biyu daga sama, ɗaya na cewa tashi ka kare kanka, ɗaya na cewa ba takarda. A irin wannan ruɗani ne dabarun ɓoye ke samun kasuwa.

Falgore, tsaro da darasin Uromi

Ba za a yi maganar bindiga a wannan yanki a tsallake dajin Falgore ba. Dajin ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, Kogin Kano ya bi ta cikinsa zuwa madatsar Tiga. Tun shekarun 1940 aka killace shi, a 1969 aka mayar da shi gandun namun daji, wanda ke nufin farauta a cikinsa haramun ce a doka, da adaka ko da mai harsashi. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da ta amince a ɗaga zuwa gandun ƙasa. Dattawan yankin sun san yadda manyan namun da suka taso suka gani suka yi ƙaranci. Bindigar da ta fi arha a harba tana nufin ƙarin harbi a kan ɗan abin da ya saura, kuma dabbar da aka raunata da ɗurin da bai kai ba takan tsere ta mutu a banza.

Dajin nan kuma ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, musamman a wajajen 2015 da 2016, har sojoji suka shigar da shi cikin atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017. Mafarauta da 'yan sintiri sun taka rawa wajen tsaron ƙauyuka a nan da sauran wurare. A Adamawa, a ƙarshen 2014, maharba suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Amma wanda ya san daji ya san cewa ƙarfin maharbi yana cikin sanin hanya da sawu da labarin da yake kai wa jami'an tsaro. Mutumin da zai harba sau ɗaya ya tsaya ɗuri ba shi da abin da zai yi da mai AK-47. Juya mai baki ɗaya zuwa ta ɗuri yana ƙara masa jinkiri ne a daidai lokacin da jinkiri ke nufin rai.

Sai kuma abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka tare matafiya mafarauta da ke dawowa gida hutun Sallah, aka ga adaka a motarsu, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, nan kudancin Kano. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu uzurin da zai wanke su. Amma abin ya nuna mana cewa zamanin da ake kallon adaka a matsayin kayan sana'a kawai ya wuce. A ƙasar da tsoro ya cika, duk wani ƙarfe mai kunama abin tuhuma ne, balle bindigar da aka taɓa wadda mai ita ba zai iya bayanin asalinta ba.

Ina mafita?

Buƙatar manomi ta kare gonarsa gaskiya ce, farauta kuma sana'ar gado ce mai sarakunanta da ladubbanta. Abin da ya rage shi ne a buɗe mata hanyar da ba sai an ɓuya ba.

Na farko, gwamnatin Kano da rundunar 'yan sandan jiha su yi amfani da ikon da dokar 1959 ta riga ta ba su a kan bindigogin ɗuri. A yi rajistar mafarauta a matakin ƙaramar hukuma, ta hannun hakimai da dagatai da Sarkin Baka da Sarkin Dawa, waɗanda suka san kowa da gidan ubansa. Kowace adaka a buga mata lamba, mai ita ya sami katin da jami'in tsaro na kowace jiha zai iya tantancewa.

Na biyu, a fito da maƙera fili. Dokar ta tanadi izinin ƙera bindigogin ɗuri da gyaransu. Maƙerin da ke da izini, yana rubuta sunan wanda ya yi wa aiki, yana ƙarƙashin idon Sarkin Maƙera, shi ne zai iya cewa a'a idan aka kawo masa aikin da bai dace ba. Cibiyar kula da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro tana da rawar da za ta taka a nan, haka ma kwalejojin fasaha da za su iya koya wa maƙera sanin ƙarfe.

Na uku, a samar wa masu tsofaffin bindigogin harsashi hanya bayyananna: wanda ya cancanta a sabunta masa lasisi a nuna masa dillalin halak, wanda ba ya buƙata ko ya gaje ta ba takarda a ba shi damar miƙa ta ba tare da tsoron kamu ba. Shirin dakarun tsaron daji da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2025 kuma ya kamata ya fara ɗiba daga maharban da suka san dazuzzukan Falgore da Dansoshiya, a horar da su, a ba su kayan aiki na hukuma.

Ga maharbi kuwa, shawarar a taƙaice take. Bindigar da aka ƙera don harsashi a bar ta a kan ƙirarta, idan ba harsashi a ajiye ta a kulle. Mai adaka kada ya zuba mata garin zamani ko garin da bai san asalinsa ba, kada ya shiga gida da ita a ɗure, kada ya narka dalma inda yara suke. Kuɗin harsashin da ake son ragewa bai kai darajar ido ɗaya ko hannu ɗaya ba. Muna kira ga shugabannin mafarauta da maƙera na Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji su zauna da hakimansu, su kai wannan buƙata ta rajista gaban gwamnati da murya ɗaya, tun kafin farautar rani mai zuwa. Allah Ya tsare mu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.